Dalilan da Suka Sa Kirista Ke Dogara ga Mai Cetonsa

 Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, domin sun ba mu damar yin magana a kan abin da ba kasafai muke tattauna shi a fili ba, ko da yake muna kwana a ɗaki ɗaya, muna cin abinci a kwano ɗaya, muna kuma zama a benci ɗaya wajen ɗaukar lacca. An nemi mu bayyana dalilan da suka sa Kirista ke ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, yake kuma dogara gare shi a matsayin Mai Cetonsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka mu da muka tashi cikin wannan bangaskiya a unguwannin kudancin Kogin Kaduna za mu faɗi abin da muka sani da bakinmu.

Tun da farko ya kamata mu faɗi abu ɗaya. Mun san a wannan zaure akwai 'yan'uwanmu Musulmi da yawa, waɗanda ke girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, amma ba su yarda da abin da muka yarda da shi game da gicciye shi da kuma matsayinsa ba. Wannan bambanci na gaske ne, ɓoye shi kuwa ba zai amfani kowa ba. Muhawara ba ita ta kawo mu ba. Fatanmu shi ne in an tashi, wanda ba Kirista ba ya san abin da ke zuciyar maƙwabcinsa, Kirista kuma ya sake tambayar kansa ko ya san abin da yake riƙe da shi.

Bangaskiya da dogara

Kafin mu shiga cikin dalilan, bari mu ɗan tsaya a kan kalmomi biyu da ke cikin taken wannan jawabi. Bangaskiya ta samo asali ne daga ba da gaskiya, wato mutum ya ji magana ya amince cewa haka take. Dogara kuwa ta wuce nan. Tsoho shi ke dogara sanda, yakan sakar mata nauyin jikinsa duka, in ta karye sai ya faɗi. Mutum yana iya tsayawa a gaɓar kogi ya ba da gaskiya cewa kwalekwale zai ƙetare da shi, amma ba a cewa ya dogara gare shi sai ya sa ƙafa ya shiga. To, kowane ɗan Adam yana da sandar da yake dogarawa, ko ya sani ko bai sani ba. Wani aikinsa ne, wani danginsa, wani takardar digirin nan da muke ta fafutukar nema, wani kuwa layar da ke ɗaure a damtsensa. Abin tambaya shi ne, wace sanda ce za ta ɗauki nauyi ranar da nauyin ya yi yawa?

Har ila yau, sunan Yesu kansa ya fito ne daga harshen Ibrananci, ma'anarsa kuwa Ubangiji yana ceto. Almasihu kuma na nufin shafaffe, wato wanda aka keɓe ta wurin shafa masa mai, kamar yadda ake yi wa sarakunan Isra'ila a dā. Ashe ke nan Kirista, in ya ce ya dogara, yana nufin ya jingina ga wani mai suna, wanda aka san garin da ya girma da zamanin da ya rayu.

Sandunan da suka karye a kudancin kogi

Duk wanda ya san tarihin Kaduna ya san cewa masana'antu ne suka raya kudancin kogi. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles kuma a 1965. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan Kakuri, sa'an nan aka ƙaddamar da matatar mai a 1980. Wannan ne ya jawo iyayenmu da kakanninmu daga Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kafanchan, daga Filato da Binuwai, daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa, suka zo suka tarar da Gbagyi da Hausawa, aka cika Makera da Nasarawa da Barnawa da Television da Narayi da Sabon Tasha. A wancan zamani wanda ya sami aiki a masaƙa gani yake ya gama da talauci har abada.

Sai al'amura suka juya. Darajar Naira ta faɗi bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake tada tukwanen masaƙa da shi ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri mai araha kuma ta cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Dubban magidanta suka wayi gari ba aikin yi, da yawansu suka yi shekaru suna jiran haƙƙin sallama, waɗansu har rai ya yi halinsa ba su gani ba. Sanda ta farko ke nan.

Sanda ta biyu ita ce maƙwabtaka. A watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000 rikici ya ɓarke a wannan gari, ya ci rayukan mutane fiye da dubu ɗaya, Musulmi da Kirista. A Nuwamban 2002 aka sake yin wani, wanda ya ci fiye da ɗari biyu. Bayan haka mutane suka yi ta kwashe kayansu, Kirista suna ƙetarowa kudu, Musulmi suna hayewa arewa, har wasu suka riƙa kiran wancan ɓangare Makka, wannan kuwa Urushalima. Kowa ya ɗauka in ya zauna cikin nasa ya tsira.

Ita ma wannan ba ta daɗe ba. Masu satar mutane da suka addabi jihar nan ba su tambayi kowa wane ɓangaren kogi yake kwana ba. A watan Afrilun 2021 sun kwashi ɗalibai 'yan'uwanmu a Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abuja, suka kashe biyar daga cikinsu. A ranar 5 ga Yulin wannan shekara suka kwashe yara fiye da 120 a makarantar sakandare ta Bethel Baptist. A Maris na 2022 suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna.

Duk da haka, ranar Lahadi da safe in ka bi ta Sabon Tasha ko Unguwar Romi, za ka tarar majami'u cike maƙil, za ka ji gangunan zumuntar mata tun daga nesa. Wani zai ce ai wuya ce ke kora mutane wurin ibada. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wuya ita ce kuma ke sa mutum ya yar da sandar da ba ta da amfani. Me ya sa waɗannan ba su yar da tasu ba? Za mu kawo dalilai huɗu.

Dalili na farko: ya san wahala daga ciki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum ba ya sakin jiki da wanda bai taɓa ɗanɗana abin da ke damunsa ba. Kirista ya gaskata cewa Allah bai tsaya daga nesa yana ba da umurni kawai ba, a cikin Yesu ya shigo rayuwar ɗan Adam da kansa. Littattafan Bishara huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, sun nuna mana irin rayuwar da ya yi. An haife shi a inda ake ajiye dabbobi saboda rashin masauki. Yana jariri iyayensa suka gudu da shi Masar don tsoron sarki Hirudus, wato ya yi zaman gudun hijira. Ya girma a Nazarat, ƙaramin gari, yana sana'ar sassaƙa, a ƙarƙashin mulkin mallaka na Romawa. Ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Wanda suke cin abinci tare ya bashe shi saboda kuɗi, abokansa suka watse suka bar shi, aka yi masa shari'ar zalunci, aka kashe shi a bainar jama'a.

Ku duba wannan jeri, sa'an nan ku duba kudancin kogi. Matar da ta ƙetaro gada a 2000 da goyo a baya da ƙullin kaya a kai, in ta durƙusa addu'a, ta san tana magana da wanda shi ma an taɓa gudu da shi. Tsohon ma'aikacin masaƙa da aka bari da hannu biyu ya san Mai Cetonsa ma'aikacin hannu ne. Wannan shi ya sa Kirista ba ya jin nauyin kai kukansa, domin ba sai ya yi dogon bayani ba.

Dalili na biyu: ya biya fansa

Akwai wata kalma da ake yawan ji a majami'a, wato fansa. A ƙasar Hausa ta dā an san ta sarai, domin a zamanin bauta dangi sukan tara dukiya su fanshi nasu da aka kama, bawa kuma yakan yi shekaru yana tara abin da zai fanshi kansa. Mu 'yan zamani mun ɗauka kalmar ta zama ta littafi, sai ga ta ta dawo bakin kowa a Kaduna. Iyayen yaran Bethel sun san ma'anarta. An sayar da gonaki da filaye, an yi karo-karo a majami'u, aka riƙa sako yaran rukuni-rukuni, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai a 2023. Abin lura a nan shi ne, wanda ke ɗaure a daji ba ya iya biyan kuɗin kansa. Kome dukiyarsa, kome wayonsa, dole wani daga waje ya biya.

To, haka Kirista ke ganin halin ɗan Adam a gaban Allah. Abin da muke kira zunubi ya wuce laifuffukan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Ɗauri ne a cikin zuciya, wanda ke sa mutum ya san daidai amma ya aikata akasinsa. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Waɗanda suka ɗauki adda da fetur a 2000 da 2002, a kowane ɓangare, mutane ne da suka san kisa haramun ne, cikinsu har da masu amsa sunan Kirista. Ilimi bai kwance wannan ɗauri ba, wa'azi kaɗai ma bai kwance shi ba. Koyarwar Kirista ita ce Yesu, wanda ba shi da laifin kansa, ya ba da ransa a kan gicciye a madadin masu laifi, ta haka aka biya abin da ba mu iya biya, aka kuma buɗe ƙofar gafara.

Wannan ne ke ba Kirista natsuwa. Da a ce karɓuwarsa a wurin Allah ta rataya ne ga yawan aikin kirkinsa, da kullum yana cikin lissafi, bai san ko ya cika mudu ba. Amma wanda aka fansa ya san ba a sake neman kuɗi a hannunsa. Kada kuwa wani ya ɗauka wannan lasisin yin abin da aka ga dama ne. Yaron da ubansa ya sayar da gona ya fanso shi, in ɗan halas ne, ba ya komawa daji da ƙafarsa. Aikin kirki na Kirista godiya ce ta wanda aka riga aka kuɓutar.

Dalili na uku: kabarin da aka tarar ba kowa

Mu ɗalibai ne, an koya mana mu nemi hujja, saboda haka dole mu tambaya: wa ya ce an karɓi wannan fansa? Amsar Kirista ita ce tashin Yesu daga matattu a rana ta uku. A kan wannan dukan ginin yake tsaye. Manzo Bulus da kansa ya nuna wa Kiristan Koranti cewa in wannan bai faru ba, bangaskiyarsu ba ta da wani amfani.

Bari mu duba abin da tarihi ya adana. Bilatus Babunti ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36 miladiyya, a 1961 ma an tono wani dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunansa. Marubucin tarihin Romawa, Tasitus, wanda ba Kirista ba ne, ba ya kuma ƙaunar Kirista, ya rubuta a farkon ƙarni na 2 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus a zamanin sarki Tibariyas. Wasiƙar farko ta Bulus zuwa ga Korantiyawa kuwa an rubuta ta ne wajen shekara ta 55, wato kimanin shekara 25 kacal bayan abin ya faru. A ciki ya jera sunayen waɗanda suka ce sun gan shi da rai, ya ambaci taron mutum fiye da 500, ya kuma nuna cewa yawancinsu suna nan da rai a lokacin, wato mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su.

Sa'an nan akwai halin shaidun kansu. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu har sau uku a daren da aka kama shi, saboda tsoron wata baiwa, shi ne bayan 'yan makonni ya tsaya a tsakiyar Urushalima yana shelar tashinsa. An sare Yakubu ɗan Zabadi da takobi a zamanin Hirudus Agaribas. Yakubu ɗan'uwan Yesu, wanda da farko bai gaskata da shi ba, ya zama shugaban ikkilisiyar Urushalima, marubucin Yahudawa Yusufus kuma ya ba da labarin kashe shi a shekara ta 62. Bulus da kansa mai tsananta wa Kirista ne kafin ya juya. Mutum yana iya mutuwa a kan ƙaryar da aka gaya masa ya ɗauka gaskiya ce, amma da wuya ya ba da wuyansa a kan ƙaryar da shi ya ƙaga. Bugu da ƙari, littattafan Bishara sun nuna cewa mata ne suka fara tarar da kabarin ba kowa, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi. Mai ƙaga labari da ba zai fara da su ba.

Ba mu ce wannan zai tilasta wa kowa ya yarda ba, domin bangaskiya ba a cusa ta. Abin da muke cewa shi ne Kirista ya auna shaida kafin ya jingina. In kuwa Yesu ya ci nasara a kan mutuwa, to, babban makamin da azzalumi ke tsorata mutane da shi ya dakushe.

Dalili na huɗu: ya yi mana magana da harshenmu

Sau da yawa mukan ji ana cewa wannan addinin Bature ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ikkilisiyar Masar ta kafu tun ƙarnonin farko. Sarki Ezana na Habasha ya karɓi bangaskiya a ƙarni na 4, lokacin da yawancin ƙabilun arewacin Turai ke bautar gumaka. Agustin, ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya, an haife shi ne a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. 'Yan'uwanmu Musulmi sun fi mu sanin cewa wurin sarkin Habasha, Kirista, sahabbai suka yi hijira ta farko, ya kuwa ba su mafaka.

Gaskiya ne Turawa ne suka kawo bishara wannan yanki namu, kuma ba da sauƙi ba. Daga cikin samari uku da suka fara aikin mishan na SIM a 1893, biyu sun mutu a 1894, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da malamai 'yan ƙasa suka taimaka ƙwarai a cikinsa. Tun daga nan saƙon ya fita daga hannun baƙi. Masu bishara 'yan ƙasa ne suka kai shi ƙauye-ƙauye da ƙafa da keke, a 1954 kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta. Yau a Kakuri ko Narayi za ka tarar da Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Adara a benci ɗaya suna sujada da Hausa, in sun koma gida kowa ya yi addu'a da harshen uwarsa. Mai Ceton da ke jin Hausa da Jju da Tyap ba baƙo ba ne a gidan kowa.

Iyayenmu kuma sun ga 'ya'yan wannan itace da idonsu. Makarantar Wusasa ita ta yaye Likita Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Asibitin St. Gerard da ke Kakuri tun 1957 yake karɓar marasa lafiya ba tare da tambayar addininsu ba. Mutum yakan amince da rijiyar da ya ga iyayensa sun sha sun rayu.

Tambaya mai wuya

Yanzu sai mu fuskanci abin da muka san yana zuciyar wasu. In Mai Ceto ne, ina yake ranar da aka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, a 8 ga Janairun 2020? An ɗauke ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka tsinta. Shin addu'arsa ba ta kai ta sauran ba ce?

Ba mu da amsar da za ta share hawayen danginsa, wanda duk ya ce yana da ita kuwa ya yi ƙarya. Amma ga abin da za mu iya faɗi. Yesu bai taɓa yi wa mabiyansa alkawarin cewa wahala za ta kauce musu ba. Ya gaya musu tun da wuri cewa za su sha ta, shi kansa kuma ya roƙa a ɗauke masa ita a daren da aka kama shi, ba a ɗauke ba. Alkawarinsa shi ne yana tare da su a cikinta, kuma kabari ba shi ne ƙarshen magana ba. Saboda haka masu wa'azin da ke sayar da mai da ruwa da hankici, suna cewa duk mai bangaskiya ba zai yi ciwo ko talauci ba, wata sanda suke miƙa wa mutane, irin wadda ke karyewa. Wanda ya bi Yesu don ya sami mota, ranar da motar ba ta zo ba zai juya. Kirista na gaske ya dogara ne ga Mai Ceton kansa, ko abin hannunsa ya zo ko bai zo ba. Haka kuma dogara ba ta hana mu neman haƙƙi. Tsare rayuka aikin hukuma ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tambayarta.

Inda ake gane dogara ta gaskiya

In duk abin da muka faɗa gaskiya ne, dole a gan shi a wani wuri, wurin kuwa a wannan gari shi ne kan gada. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, zuciyar ɗan Adam kuma haka take so. Amma wanda Kirista ke bi ya roƙa wa masu kashe shi gafara yana kan gicciye, ya kuma umurci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu. Wanda ya tabbata an yafe masa babban bashi, ya kuma tabbata mutuwa ba ta da iko na ƙarshe a kansa, ba shi da hujjar riƙe adda a ƙarƙashin gado yana jiran ranar ramuwa.

Muna da misali a nan Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, yana jagorantar matasan Kirista. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa da nasa miki, sannu a hankali suka kafa cibiyar sasanta tsakanin mabiya addinan biyu. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini suka sa wa hannu a Agustan 2002. Wata uku bayan haka rikici ya sake tashi, amma ba su fasa ba, suka je Yelwan Shendam a Jihar Filato bayan kashe-kashen 2004, aka kai ga sulhu a 2005. Kowannensu daga cikin addininsa ya samo dalilin yafewa, ba wanda ya bar nasa. Imam zai faɗi nasa dalili da bakinsa. Na faston kuwa shi ne wanda muke ta bayyanawa tun ɗazu.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai Kirista. Yawancinmu an haife mu ne bayan an raba garin, mun tashi ba mu san Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sarki ba sai a bakin mutane. Jami'a ita ce wuri na farko da aka haɗa mu ɗaki ɗaya da waɗanda aka koya mana jin tsoronsu. In muka kammala karatu abokanmu duka 'yan majami'armu ne, in kuma muna tura duk wata jita-jitar ƙiyayya da ta shigo wayarmu ba bincike, to, ga yawanmu da unguwarmu muka dogara, ko da bakinmu yana kiran sunan Yesu.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, mun kawo dalilai huɗu: Kirista ya dogara ga Yesu Almasihu domin ya ɗanɗana wahalar ɗan Adam, domin ya biya fansar da ba mai iya biya wa kansa, domin akwai shaidar tashinsa daga matattu, domin kuma ya same mu a cikin harshenmu. Masaƙun Kakuri sun yi shiru, maƙwabtaka ta tsage, daji ya zama abin tsoro, amma iyayenmu suna cewa wannan sanda ba ta karye a hannunsu ba. Ya rage gare mu mu auna ta da kanmu, domin ba a gadon bangaskiya kamar yadda ake gadon gona.

Ga 'yan'uwanmu Musulmi kuwa, mun gode da kuka saurare mu cikin haƙuri. Muna fata masu shirya wannan zama za su sa rana ku ma ku bayyana mana naku, mu kuma mu zauna mu saurara kamar yadda kuka yi mana. Allah ya ba mu zaman lafiya a garin nan, arewa da kudu.  In akwai tambayoyi, muna saurare.